Bakin Mai Turare

Mijina turare yake sayarwa, kuma bakinsa wari yake yi. Ba irin warin safiya ba da buroshi ke korewa. Wannan irin na ɓeran da ya mutu a bayan firji ne, aka yi ta nema aka rasa. In ya ce min "sannu da gida" sai yawu ya taru a bakina, in shiga neman inda zan tofar. Kullum rigar matashin kansa da shatin wani ruwa-ruwa mai ɗorawa, in wanke ina kawar da kai. Wata bakwai ina cikin wannan hali.

Shi ko a jikinsa. Shekara ashirin yana cusa hanci a kwalabe, hancin ya mutu murus, ga shi dama gwano ba ya jin warin jikinsa. Ni kuma na kasa faɗa. Ta ina zan fara, ga mutumin da ke sauya riga sau biyu a yini, yake min faɗa in na bar jiƙaƙƙen tsumma a kicin? Sai na koyi dabaru. In yana magana in sunkuyar da kai kamar mai ladabi, in zauna fanka tana bayana. Har yabona yake yi wai na ƙara hankali.

Auta ce ba ta da dabara. Shekararta uku, da can da ta ji ƙarar motarsa take rugawa ƙofa. Yanzu in ya ɗauke ta sai ta sa hannu biyu ta tokare masa haɓa, tana zillo har sai ya sauke ta. Wata safiya ya ajiye kofin shayi ya dube ni.

"Me kike gaya wa yarinyar nan a kaina?"

"Ni? Me zan gaya mata, Abban Auta?"

"Yaro ba ya ƙin ubansa haka kawai. Ƙarshen watan nan zan kai ta wurin Hajiya ta zauna, tunda ke kin kasa."

Hajiya mahaifiyarsa ce, kuma abin da ya shiga gidanta ba ya fitowa da wuri. Saura kwana tara. Duk da haka, wallahi, bakina ya ƙi buɗuwa.

Abin da ya cece ni ciwo ne. Turmin haƙorinsa na hagu ya daɗe yana damunsa, da gefe ɗaya yake tauna. Ya taɓa zuwa wurin wani likita namiji, aka bar ni a benci a waje ina jiyo dariyarsu, hirar ƙwallo suke yi. Ya ce wa mutumin ɗan tsami ne kawai, ya ba shi kyautar turare, ya fito da kwalbar ruwan kurkure baki da alkawarin zai koma. Bai koma ba. Ranar da kuncinsa ya kumbura har ya kasa tauna burodi, na ce maƙwabciyarmu ta kwatanta min wata likitar haƙori.

"Mace? Mace ce za ta zura min hannu a baki?"

"Hannunta ƙarami ne, ba za ka ji zafi ba," na ce. Wannan ƙarya na shirya a take, ya kuwa tashi.

Ɗakin nata ƙarami ne, da doguwar kujera mai kwanciya, da fitila a sama, da ɗan kwanon tofar da yawu a gefe. Ita gajeriya ce mai tabarau. Na juya zan nemi benci, sai ta tsayar da ni.

"Shigo, 'yar'uwa. Mai haƙori rabin labari ya sani, sauran yana wurin mai wanke matashi. Yana wari?"

A gabansa ta tambaya, yana kallona.

"A'a, ba sosai ba," na ce.

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ja takunkumi, ta ce ya buɗe baki. Ko gezau ba ta yi ba. Ta sa ɗan madubi ta leƙa, ta ɗauki hantsaki ta zura cikin kogon haƙorin, ta zaro wani baƙin abu mai yauƙi ta ajiye a faranti. Ta sake zarowa. Sai da ta jera guda shida, na ƙarshen ya fito da jini da mugunya. Warin ya cika ɗakin, ruɓaɓɓen nama haɗe da ƙamshin turare mai nauyi, kuma ƙamshin ne ya fi tayar min da zuciya. Na toshe baki da mayafi.

"Malam, mene ne wannan?"

Ya kurkure baki ya yi bayani, har da ɗan alfahari. Wai in zafin ya taso sai ya jiƙa auduga da turare mai ƙarfi, ya tura cikin kogon da tsinken sakace, ciwon ya lafa. In ya dawo ya ƙara wata a kai.

"Ta farkon fa, ka cire?"

"Ai turare ba ya ruɓewa, likita."

"Turare ba ya ruɓewa, amma nama yana yi." Ta kai masa farantin daidai hanci. "Shinshina."

Ya shaƙa sosai, irin shaƙar masu sana'a. "Ni ban ji komai ba."

"Akwai ƙaramin yaro a gidanku?"

"Akwai Auta."

"Tana yarda ka ɗauke ta?"

Ya juyo da ido kaina daga kwance, fitilar tana haska masa fuska.

"Yara ba su iya kara ba," in ji likitar, tana zuƙo allura. "Manya ne ke barin mutum ya ruɓe a tsaye don suna jin nauyinsa."

Ba ni ta kalla ba, amma na san da wa take. A wurin ƙyamar ta bar farantin ta dawo kaina. Na ji ƙyamar ladabin da nake yi, da sunkuyar da kan, da ƙaryar da na yi mata minti goma da suka wuce. Ta cire haƙorin, ta matse mugunyar, ta wanke wurin, ta ce da ya ƙara sati biyu da abin ya taɓa ƙashi.

A mota yana cije da farar auduga, maganarsa ba ta fita sosai.

"Tun yaushe?"

"Wata bakwai."

"Kika bar ni ina hura wa mutane wannan a shago, ina ce musu su matso su ji ƙamshi."



Kwana biyar bayan haka ya dawo da yamma ya zauna a falo, hannunsa a kan baki, don yanzu haka yake zama. Auta ta daɗe tana leƙensa daga bayan kujera. Can ta hau cinyarsa, ta janye hannun, ta kai hanci ta shinshina.

"Abba, ina warin ya tafi?"

Ya rungume ta, kafaɗunsa suna rawa. Maganar gidan Hajiya ba ta sake tasowa ba.

Yanzu kowace safiya, in ya gama wanke baki ya sa hula, sai ya durƙusa a gaban Auta ya hura mata iska, ya jira hukunci. Ina tsaye a gefe riƙe da mukullin motarsa. Ni ba ya tambaya ta.