Tabaraun Babban Direba

Shekara ashirin da shida Babban Direba ya yi yana tuƙa motocin kamfanin bas, ko fitilar mota bai taɓa fasawa ba. Sai ga shi ran Litinin da safe ya fasa wa sabon manaja baki, haƙora biyu a ƙasa, a gaban direbobi goma sha huɗu. An yi belinsa, an sa ranar shari'a, alƙali kuma ya ce kafin nan sai ya je wurin wata jami'a mai binciken halin waɗanda ake tuhuma, ta rubuta wa kotu rahoto a kansa.

Ofishin nata ɗan ƙarami ne, fanka na juyawa da ƙyar, fayiloli jibge har kan taga. 'Yarsa ta fari ce ta rako shi, malamar makaranta, ta zauna gefensa da jaka a cinya. Ya so ta jira a waje, ta yi kunnen uwar shegu da shi. Halin uwarta ta kwaso kaf.

"Baba, bari in gaya maka gaskiya," in ji jami'ar. "Manaja ya ce zai janye ƙara idan ya ji dalili. Ba ramuwa yake nema ba, so yake ya san me ya yi maka. Idan kuwa na rubuta cewa haka kawai ka kai masa naushi, alƙali zai ɗauke ka mutum mai haɗari. Ɗauri ne, aikin ma ya tafi."

"Zuciya ce, ranki ya daɗe."

"Zuciyar da ta yi shekara ashirin da shida tana barci? Me ya tashe ta ran nan?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Amsar tana nan a bakinsa, amma ya gwammace gidan yari da ya furta ta a gaban 'yar da ya ɗauki nauyin karatunta da guminsa.

Maganar ita ce, Babban Direba bai iya karatu ba. Ba wai ba a sa shi makaranta ba, an sa shi, har shekara huɗu. Haruffa ne ba sa tsaya masa wuri ɗaya, yana kallonsu suna musayar wuri. Malaminsu na aji uku yakan tsayar da shi gaban allo ya ce ya karanta, idan ya kasa sai ya ba 'yan aji izinin dariya, su kuwa su yi ta yi har da buga tebur. Ranar da ya bar makarantar ya rantse ba mai sake ganinsa a irin wannan tsayuwa.

Ya kuwa cika rantsuwarsa, da dabara. Alamun hanya ya haddace su da siffa da launi. Ya koyi sa hannu mai lanƙwasa, ka ce wani babban ma'aikaci ne. Sauran wahalar tabarau ya ɗauke masa: ya sayi guda, ya ajiye shi a kan talabijin, bai taɓa fita da shi ba. Duk wanda ya miƙo masa takarda sai ya shafa aljihu, ya ja tsaki, ya ce, "Na baro tabarau a gida. Karanta mana mu ji." Mutumin da ba ya manta ranar juyen man kowace mota a kamfanin, shi ne kullum mai manta tabarau.

Ran Litinin ɗin manaja ya tara direbobi a farfajiya da sabbin ƙa'idojin tuƙi a takarda. Don girmamawa, ya ce babba ya karanta wa na baya. Babban Direba ya shafa aljihu ya faɗi abin da ya saba faɗa. Manaja ya yi murmushi, ya cire nasa tabaraun ya miƙo. "Ga nawa, Baba, gwada." Abin da ya biyo baya bai iya tuna shi daki-daki ba. Ya dai ji dariya ta tashi ta ko'ina, kunnuwansa suka ɗauki zafi. Da ya dawo hayyacinsa, manaja na durƙushe, jini na bin yatsunsa.

"Dariya suka yi mini," ya ce wa jami'ar, muryarsa can ƙasa. "Ya tsayar da ni gaban yaran da na koya wa tuƙi, suna yi mini dariya."

Jami'ar ta buɗe fayil ta duba. "Na yi magana da direbobi tara, ɗaya bayan ɗaya. Duk sun ce ba wanda ya yi dariya, wurin tsit ya yi. Ɗaya ma ya ce ya riga ya miƙa hannu zai karɓi takardar ya karanta a madadinka, kamar yadda suka saba."

"Kamar yadda suka saba?"

"Haka ya ce. Na tambayi dalili, kowa ya ce in tambaye ka."

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sai ya ji hannun 'yarsa a kan gwiwarsa.

"Baba, ka faɗa mata. Ba wani sabon abu zan ji ba."

Ya juyo ya kalle ta.

"Tun ina aji biyu Mama ta ce duk takardar da ta shigo gida in kawo in karanta maka, in ce karatuna nake gwadawa."

Ya tuna sarai. Yarinyar na tsaye jikin kujerarsa da katin asibiti ko wasiƙar ƙanensa, tana harhaɗa kalmomi, shi kuma ya sha mur kamar mai jarrabawa yana cewa, "Ɗaga murya, ban ji ba." Har bugun ƙirji yake a tasha cewa shi ke duba karatun 'yarsa.

"Mamanki ta sani?"

"Tun kafin a haife ni. Ita ke goge tabaraun nan duk Asabar ta mayar da shi wurinsa. Ta ce duk wanda ya taɓa maganar, da ita yake."

Kunyar da ta kama shi yanzu ba irin ta gaban allo ba ce, wannan ta fi nauyi, kuma ba wanda zai kai wa hannu a kanta. Matarsa, 'ya'yansa, direbobi, kila har mai shayin bakin tasha, duk sun yi shekaru suna rufa masa asiri shi yana ganin wayonsa ne. A duk kamfanin mutum ɗaya ne tak ya yarda da zancen tabarau, ya tausaya masa har ya ba shi nasa. Shi ne kuma wanda yanzu ke shan koko da cokali saboda ba ya iya tauna.

Hawaye ya zubo masa, bai share ba.

"Rubuta, ranki ya daɗe," ya ce. "Ban iya karatu ba. Dariyar da na ji ta yara ce, tun ina aji uku. Amma kada ki aika wa manaja a takarda. Ni zan je gidansa in faɗa masa da bakina, ko ya yafe ko kada ya yafe."

Jami'ar ta yi rubutu mai ɗan tsawo. Da ta gama ta juyo masa da takardar, ta ɗora biro a kai, ta faɗi abin da ta saba faɗa wa kowa.

"Ka duba kafin ka sa hannu."

Hannunsa ya tafi aljihu da kansa, ya shafa sau ɗaya. Ya tsaya. Ya sauke hannun a hankali, ya tura takardar gaban 'yarsa.

"Karanta mini," ya ce. "Ban iya ba."