Gwiwar Mai Tayel

Ranar da aka yanke wa yayansa ƙafa, Mai Tayel ne ya dawo da takalmin gida. Da ƙafa biyu aka kai mutum asibiti, aka wayi gari takalmi ɗaya ba shi da mai shi. Jefarwa ba ta yiwu ba, miƙa wa matar yaya ma ba ta yiwu ba, sai ya tura shi can ƙarƙashin gadonsa, bai gaya wa kowa ba. Ciwon sukari ne ya ci ƙafar, daga 'yar ƙusa da ya taka a ƙofar shago. Shekara ba ta zagayo ba yayan ya bi ƙafarsa.

Don haka ranar da likita ta duba jininsa ta ce shi ma ciwon ya leƙo, bai tsaya jayayya ba. Wanda gemun ɗan'uwansa ya ƙone ƙurmus a gabansa, ba sai an tuna masa da ruwa ba.

Auta, ƙaramar 'yarsa, ita ta zo da maganar a wayarta. Wai akwai wani tsarin cin abinci da ake ce wa kito: ba shinkafa, ba burodi, ba taliya, ba dankali, sukari kuwa ko a mafarki.

"To me ya rage?" in ji shi. "Iska?"

"Ƙwai, Baba. Nama, kifi, mai, ganye."

"Ganye. Da girmana za ki mai da ni akuya."

Suka koma wa likita da zancen. Ta ce a gwada, amma da ɗan injin gwaji a hannu: kullum ya huda yatsa, ya ɗiga jini, ya duba lamba. Matarsa, wadda yake kira Manaja tun tana amarya saboda ko allura ba ta ɓata a ɗakinta, ta karɓi aikin hannu bibbiyu. Ta raba tukunya. Gwangwanin sukari ta miƙa wa maƙwabta. In yara za su ci shinkafa sai su shige ɗaki su saki labule kamar masu rabon kayan sata, shi kuwa yana falo da kwanon kabeji da ƙwai.

Abin kuma ya karɓe shi. Tumbi ya sauka har sai da ya ƙara huji a bel. Ƙishin nan da ke damunsa ya tafi. Lamba ta sauko ta zauna inda likita take so, har Manaja ta fara ba wa matan layi labari.

Ana nan sai ya samu aikin da bai taɓa samun irinsa ba: wani ƙaton ɗakin taro a sabon bene, fili fetal, in ka tsaya a ƙofa ka yi magana sai muryarka ta dawo maka. Shi da abokin aikinsa na shekara da shekaru, Sanƙo, aka damƙa wa shimfiɗar.

Aikin tayel aikin durƙuso ne. Magini yana tsaye, kafinta yana tsaye, mai fenti har tsani yake hawa, amma mai tayel a kan gwiwa yake cin abincinsa, daga safe har yamma, a kan siminti mai sanyi. Akwatin aikin Mai Tayel ba ya canzawa: cokalin gini, gudumar roba, igiya, ma'aunin ruwa na duba daidaiton shimfiɗa, soson tsohuwar katifa guda biyu da yake ɗaurawa a gwiwa, sai ƙullin wasu 'yan fararen ƙwayoyi a leda. Ƙwayar gwiwa ke nan. Ba ta da kwali, ba ta da suna, wani mai jaka ne ke bin gine-gine da ita. Duk tsohon mai tayel ya san ta. A da sai gwiwa ta matsa masa yake jefa ɗaya. Amma wannan fili ba na wasa ba ne, sai ya koma kullum, kafin ya ɗaura soso, yadda ake zuba wa inji mai kafin a tashe shi.

Ba a jima ba lamba ta fara hawa.

Da farko ya ce injin ne. Auta ta canza batir, ta sayo sabbin tsinkayen gwaji. Lamba ta ƙi sauka. Manaja ta rage albasa, ta rage tumatir, ta daina sa komai a miya sai gishiri. Lamba ta ƙara sama. Ƙishi ya dawo, fitsari ya dawo, fuskarsa ta yi wani irin cika alhali jiki yana ramewa.

Likita ta daɗe tana dubansa. "Baba, me kake ci a waje?"

"Abin da ta ƙunsa mini."

"Lemo? Shayi da sukari?"

"Ruwa."

"Kana shan wani magani ban da nawa?"

"Ko na ciwon kai ba na sha, Likita."

Kuma har zuciyarsa gaskiya ya faɗa. Magani a wurinsa shi ne abin da marar lafiya yake sha, a ɗaki, bayan an rubuta masa. Abin da ke kwance tsakanin guduma da igiya kayan aiki ne. Ko kusa hankalinsa bai kai can ba.

Manaja ce ta fara lura da wani abu. Duk ranar da aka yi hutu ya wuni a gida, yana kwance yana nishin gaɓoɓi, lamba sai ta ɗan sauko. Ya koma aiki, ta tashi. Sai ya ga tana zazzage aljihun rigarsa a kan tafin hannu kafin ta jiƙa, tana duban abin da ya faɗo. Ɓarɓashin burodi take nema. Ya gani, ya kau da kai.

Sai kuma wani tsinin tayel ya yanke shi a gefen ƙafa, ɗan yanka da bai kai a faɗa ba. Mai tayel da yanka ai hanta da jini ne. Amma wannan ya ƙi rufewa. Bakinsa ya yi ja, yana ɗan ruwa.

Da safe tana wanke masa ciwon da ruwan ɗumi, kanta a sunkuye, ta ce, "Baban Auta, in kana ci ka faɗa mini."

"Ina cin me?"

"Ban sani ba. Ni dai na san abin da nake dafawa. A gida sukari ya kwanta, a wurin aiki ya tashi. Inji ba ya ƙarya."

"Ni ne nake yi ke nan."

"Ban ce ba."

"Kin ce mana. Tun da na ɗauko ki, yaushe kika taɓa kama ni da ƙarya? Yau a kan gutsuren burodi..."

Ta ɗago. Idonta ya kawo ruwa, amma muryarta ba ta yi rawa ba. "Takalmin Yaya yana ƙarƙashin gadon nan. Duk shara sai na gan shi. Ba na son a kawo mini na biyu."

Bai san ta sani ba. Ya sa safa a kan bandeji, ya fita.

Washegari bai daɗe da isa wurin aiki ba, yana tsugune yana buɗe akwati, sai ya ji Sanƙo ya ƙyalƙyale da dariya.

"Ranka ya daɗe, an turo maka sufeto!"

Manaja ce tsaye a ƙofar ɗakin taron, mayafinta ya yi fari da ƙurar siminti, kwanon abincinsa a hannu, wai ya manta. Bai manta ba, ita ta ɓoye shi. Ta riga ta tsaya wurin mai shayin bakin gini.

"Yaya, ina kwana," in ji Sanƙo. "In burodi kika zo kamawa, kin yi asarar kuɗin mota. Mai shayi har gaba yake yi da mijinki. Mutumin da in muna ci yana juya mana baya yana tauna ganye kamar zomo!"

"Haka mai shayin ya ce," ta amsa a hankali. Ba ta iya duban mijinta ba.

Wanke shi da aka yi bai yi wa Mai Tayel daɗi ba, don in ba burodi ba ne, to mene ne? Da ma burodin ne, ai da sauƙi, a daina. Ya kwance ƙullin leda kamar kullum, ya miƙa wa Sanƙo ɗaya, ya jefa ɗaya a baki, ya kora da ruwa, ya jawo soso zai ɗaura.

"Me ka haɗiya?" in ji Manaja.

"Ƙwayar gwiwa."

"Ta me?"

"Ta gwiwa mana. Ta aiki."

"Kullum?"

"Yaya, in ba ita ba wa zai shimfiɗa wannan filin?" in ji Sanƙo. "Mu da gwiwarmu ta gama aiki tun tuni. Ita ce mai, mu ne inji."

Ta matso, tana taka sabon tayel ba tare da ta kula ba, ta miƙa hannu. "Ka ce wa likita ba ka shan magani."

"Wannan ai ba magani ba ne," in ji shi. Yana faɗa yana jin yadda maganar ta fito. Shi da ke ƙwanƙwasa tayel da ƙotar guduma ya gane wanda ƙarƙashinsa rami ne, ya ji irin wannan ƙarar a bakinsa.

A asibiti likita ta zazzage ƙwayoyin a kan farar takarda, ta juya ɗaya ta duba ɗan tambarin da ke jikinta. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce ta san ta. Irin maganin nan ne mai ƙarfi da ke kwantar da kumburi, ya ɗauke ciwo kamar an cire ƙaya, amma yana sa jiki ya riƙa zubo sukari cikin jini da kansa, ko mutum bai ɗanɗana komai ba. Kuma yana hana ciwo warkewa.

"Wato ko na mutu da yunwa..."

"Ko iska kake ci, Baba, zai hau. Ka rufe ƙofar gaba da kyau, ba wanda zai ce ba ka yi ƙoƙari ba. Ta baya ce a buɗe."

Ta ce kada ya yanke ta lokaci ɗaya, jiki ya saba, sai a hankali, ita za ta tsara masa. Ta wanke ciwon, ta ba shi maganinsa, ta ce an zo da wuri. Sai ya yi tambayar da tun shigowarsa take cin sa.

"In na daina, zan iya durƙuso?"

Ta duba gwiwoyin, ta lanƙwasa, ta miƙar, tana jin ƙarar da suke yi. "Ba irin wanda kake yi ba."

A hanyar gida Manaja ta ce, "Ka yafe mini."

"Ke da kika bi ni har wurin aiki kika ceci ƙafa? Bari kawai." Suka yi tafiya kaɗan. "Amma kin taka mini ɗanyen tayel."

Ta yi 'yar dariya, ta goge ido da bakin mayafi.

Ƙwaya tana raguwa, lamba tana sauka, ciwon ƙafa yana haɗe baki. Gwiwa kuma tana dawowa da duk abin da aka danne mata. Salla ta koma kan kujera. Hawa bene ya zama aiki. Duk da haka ya ci gaba da zuwa, yana ja wa Sanƙo igiya, yana yanka a tsaye, har shimfiɗa ta kai kusurwar ƙarshe, can gefen taga. Wurin yana son hannu, bangon ya ɗan karkace, kuma a duk aikin da suka taɓa yi shi ke rufe kusurwa.

Ya ɗaura soso. Ya dafa bango, ya fara sauka. Bai kai ƙasa ba wani abu ya soke shi daga gwiwa har ƙwaƙwalwa, gumi ya karyo masa. Ya tsaya a haka, ba sama ba ƙasa.

Sanƙo ya laluba aljihu, ya miƙo tafin hannu. "Ɗaya tak. Ka rufe aikinka, gobe ka tuba."

Mai Tayel ya dubi 'yar farar ƙwayar. Ya san da ya haɗiye ta, kafin siminti ya sha iska zai durƙusa kamar saurayi. Ya dubi kusurwar, ya dubi ƙafarsa da bandeji ya leƙo ta saman safa.

"Kama ni in tashi," in ji shi.

Sanƙo ya kama shi.

"Kai ma ka je a duba ka. Ka ga fuskarka kuwa? Ta fara cika."

"In na je su ce in daina, wa zai ci da yara?" Sanƙo ya jefa ƙwayar a bakinsa, ya haɗiye ba ruwa. "Faɗa mini ta ina zan fara."

Yana tsaye yana nuna masa da yatsa, Sanƙo yana durƙushe yana ɗorawa, har tayel na ƙarshe ya zauna. Mai Tayel ya miƙa masa gudumar roba. Sanƙo ya ƙwanƙwasa, ƙarar ta fito a cike.

"Riƙe ta," in ji Mai Tayel. "Da ma'aunin. Naka ya daɗe yana yi maka ƙarya."

Ya sauko benen a hankali, hannu a bango. Ya ƙi hawa mota, ya taka har gida, yana hutawa a inuwar shaguna. Manaja tana kicin, ƙamshin kifi da kabeji ya cika falo. Ya shiga ɗaki ya zauna a bakin gado, ya daɗe yana juya soson nan biyu a hannu. Duk sun lotsa, sun ɗauki siffar gwiwarsa. Sai ya sunkuya iya yadda zai iya, ya tura su ƙarƙashin gado, kusa da takalmin yayansa.

Sannan ya cire nasa takalman, duka biyun, ya jera su a bakin ƙofa.