Ranar Dafa Tumatir

A gidan tsohuwa Assunta, ranar dafa tumatirin shekara a ɗura a kwalabe tana da doka ɗaya: mace mai jinin al'ada ba ta taɓa tumatir ko kwalba, don kada miyar ta yi tsami. Kafin a hura wuta, tsohuwar kan bi matan gidan da tambaya.

Nunzia, matar ɗanta Vito, ta doshi hamsin ba ta taɓa haihuwa ba. Tun sanyin bara jinin ya ɗauke. Ba ta gaya wa kowa ba, balle Vito, wanda har yanzu yake goge gadon jaririn da ya sassaƙa farkon aurensu.

"Ke fa, Nunzia?"

"Baƙona ya zo, Mama."

Aka tura ta gindin ɓaure. Tana zaune a inuwa zafin nan da ke zuwar mata tun ɗaukewar jinin ya taso mata daga ƙirji zuwa wuya. Fuskarta ta yi jawur, rigarta ta manne a baya.

Faccalarta Titina ta ɗago daga bakin tukunya. "Ikon Allah! Mu ke shan hayaƙi, hakimar inuwa ke zufa. A kawo mata mafici!"

Mata suka kwashe da dariya, ban da Assunta. Ta tako a hankali, ta ɗora tafinta a wuyan Nunzia.

"Wannan zufar na san ta, 'yata. Ba baƙo ba ne, sallamarsa ce." Ta ɗaga murya, don a ganinta albishir ne. "Tashi! Daga yau hannunki ba ya ɓata miya. Ke za ki riƙa cika kwalabe."

Vito na bakin ƙofa da kwandon tumatir a kafaɗa. Ya sauke shi, ya koma ciki.

Nunzia ta wanke hannu. Ta yini tana cikawa tana rufewa, ba ta zubar da ko ɗigo ba.

Da la'asar akwatunan da ake jera kwalabe masu zafi a ciki suka ƙare. Assunta ta ce a nemo ko mene ne. Vito ya fito rungume da gadon jaririn, ya ajiye a gabanta.

"Zai ɗauka da yawa," ya ce, idonsa a ƙasa.

Nunzia ta jera kwalaben a ciki, ta lulluɓe su da bargo don su huce a hankali.