Kwat Ɗin Auta

Shekara goma sha ɗaya ta yi a ɗakin gyaran injinan ruwa na wani kamfani, har sunanta na gaskiya ya ɓace, kowa sai dai ya ce Mai Sifana. Inji ya yi tari daga ƙarshen ɗaki, ba ta ko ɗaga kai za ta faɗi abin da ke damunsa. Yanzu shugaban ɗakin ya yi ritaya, an kira mutum biyu ganawa ranar Laraba don a cike gurbinsa: ita da Dogo, wanda ita ta koya masa riƙon sifana. Tana son kujerar nan, so na gaske, kuma ba ta ɓoye wa kowa ba.

Abin da ya hana ta sakat layi ɗaya ne a ƙasan takardar kira: a zo cikin shiga ta ofis. Wanda ya rubuta layin ƙila ko tunani bai yi ba, haka ya tarar ana rubutawa. Ita kuwa shuɗayen rigunan aiki uku gare ta, sai kayan zuwa unguwa. Ta kai kukanta wurin ƙanwarta Auta, mai aikin banki, wadda ke ganin ta gama sanin halin manya.

"Yaya, mutanen sama ba hannu suke kallo ba, kafaɗa suke kallo," in ji Auta. "Kin shiga da shuɗiyar rigar nan, za su ce ki duba musu famfon banɗaki."

Ranar Talata da yamma Auta ta zo da kwat da siket a cikin leda, ruwan madara, masu santsi. Ta sa wa yayarta, ta ja nan, ta gyara can, tana dariyar yadda ta sandare.

"Saki jikinki mana, ba allura za a yi miki ba." Sai ta daina dariya. "Amma don Allah, Yaya, ki kula. Shi kaɗai ne na kirki da nake da shi, kuma jibi da shi zan tsaya gaban manyanmu. Ɗigon baƙin mai ɗaya ya taɓa shi, ya gama yawo."

"Ofis za ni, ba gareji ba," ta ce.

Da safe ta goge farcenta da burushi har fatar ta yi ja. A hawa na biyu mutum uku suka yi mata tambayoyi, ta amsa ba laifi, ko da yake kwat ɗin ya matse mata hammata, gumi na bin bayanta. Ta tsakiyarsu wata dattijuwa ce mai tabarau da ta zo daga babban ofis, Injiniya ake ce mata. Ba ta cika magana ba. Da aka gama ta rufe littafinta ta ce, "Mu sauka ƙasa."

Mai Sifana ta bi bayansu zuwa ɗakin gyara.

A kan teburinta na kullum an ɗora wani injin ban ruwa, baƙi ƙirin da mai, ruwa na tsiyaya ta gindinsa. Ma'aikata sun ja baya sun yi cirko-cirko, wasu na satar kallon kayan jikinta suna danne murmushi. Aka kunna injin. Kafin ya yi minti ɗaya ta gane: robar da ke tare ruwa aka sa a juye. Aikin minti biyar ne.

"Nuna mana," in ji Injiniya.

Hannuwanta suka tafi da kansu, har sun kusa taɓa ƙarfen, sai ta ga bakin hannun kwat ɗin, fari tas. Ta janye. Ta yi tunanin cire shi, amma rigar ciki marar hannu ce, ga maza cike da ɗaki. Shuɗiyar rigarta na rataye a bayan ƙofa, taku goma kawai. Da ta ce a ba ta minti biyu ta sauya, babu mai hana ta. Amma maganar Auta ta cika mata kunne, ta ce a ranta ai shugaba ake nema, shugaba kuwa umarni yake bayarwa. Ƙila ma gwajin ke nan, a ga ko za ta iya barin leburanci.

Sai ta mai da hannuwanta baya ta haɗe su, abin da ba ta taɓa yi ba a gaban inji. Ta kira wani tsoho mai walda ya kwance noti huɗu, ta ce ya zaro robar, ya juya ta, ya mayar. Tsohon ba aikinsa ba ne, ya yi ta lalube, ita kuma tana tsaye nesa tana nuni da haɓa, ranta na suya. Injin ya tashi, yoyo ya tsaya. Injiniya ta dube ta ta saman tabarau, ta rubuta wani abu gajere.

Aka sake juya robar, aka kira Dogo. Shi ma kwat ne a jikinsa. Ya cire ya wurga kan benci, ya naɗe hannun riga ya afka. Ya fara da inda ba nan ba ne, ya kwance abin da bai kamata ba, ya ɓata farar rigarsa har ƙirji. Sai da ya ci kusan rabin awa sannan ya gano robar. Tana tsaye tana kallo, kamar ta fizge sifanar daga hannunsa.

Bayan azahar aka liƙa takarda a allo, sunan Dogo ne a kai. A bakin matakala ta yi kiciɓis da Injiniya.

"Bayaninki babu kuskure," in ji dattijuwar. "An ba ni labarin hannunki tun kafin na zo, shi na zo gani. Sai na ga kin ɓoye shi. Na ce wannan tun ba ta hau kujera ba ta fara ƙyamar mai."

Kalma uku za ta faɗa: na aro ne. Kunya ta hana ta, ga ma'aikata na wucewa. Ta ce, "Na gode," Injiniya ta sauka ta shiga mota.

A motar haya ta ƙi jingina, ta rungume jakarta don kada wani ya goge ta. Ta tarar da Auta a gida tana jira. Ta cire kwat ɗin a hankali ta miƙa mata. Auta ta kai shi bakin taga, ta duba wuya, ta duba hannu ɗaya, ta duba ɗayan, ta juya bayan.

"Ko ɗigo babu," ta ce, fuskarta a sake. "Yaya, ke dai akwai riƙon amana. To, ya aka yi? Sun yaba, ko?"

Mai Sifana ta zauna a bakin gado ta ɗora hannuwanta a cinya. Rabon da ta dawo daga aiki da su fes haka, shekara goma sha ɗaya.

"Gobe ki kula da shi a mota," ta ce. "Dogo aka ba."