Ƙanƙara a Gonar Amadeu

Shekara talatin da ɗaya Ludovina ba ta taka ƙauyensu ba. A birnin Porto take zaune, tana gasa kifi a wani gidan abinci da ke gindin gada. Tun ranar da yayanta Amadeu ya rantse cewa Custódio mai dakon gangunan giya ba zai shigo gidansu da sunan suruki ba, ta ɗaure kayanta ta bi Custódio birni suka yi aure. Custódio ya rasu bara, Amadeu ko gaisuwa bai aiko ba.

Ranar Talata da hantsi sai ga wayar Celeste, matar Amadeu.

"Vina, ƙanƙara ta sauko mana shekaranjiya, saura kwana takwas a fara tsinkar inabi. Ta gama da mu. Yayanki ya ƙi ci, ya ƙi magana, kullum yana can saman gona a zaune kamar dutse. Ki zo ko zaginsa ne ki yi, wataƙila ya tanka."

"Shi ya ce ki kira ni?"

"Wa, shi? Da ya sani da wayar nan tana cikin kogi."

Washegari ta hau jirgin ƙasa. Taragon cike yake da baƙi 'yan yawon buɗe ido, kowa ya manna fuska a taga yana ɗaukar hoton kogi da tsaunuka. Ita jakarta ta rungume, tana ta shirya maganar da za ta gaya masa. Kafin a kai tasharsu ta Pinhão ta shirya ta rushe ya fi sau goma.

Celeste ta tare ta a ƙofar gida da kuka, ta nuna mata saman gona da haɓa. Ludovina ta kama hawan gonar, mataki bayan mataki, gwiwa na ƙara. Tun daga layin farko warin ya buge ta, warin inabin da ya fashe ya fara tsami a rana. Ganye ya yayyage, rina ta cika ko'ina. Kurangar inabin nan babansu ne ya dasa ta da hannunsa.

A can ƙarshe ta same shi zaune kan katangar dutse, hula a gwiwa. Ya daɗe yana kallonta.

"Kin yi ƙiba," ya ce.

"Kai kuma ka bushe kamar kifin gishiri. Matsa in zauna, Yaya, ƙafata za ta kashe ni."

Ya matsa. Can ya miƙa hannu ya nuna gonar maƙwabci.

"Dubi ta Tomé. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ko ganye ɗaya bai huje masa ba. Ni aka zo wa."

"Ƙanƙara ta san sunanka ne? Tashi mu sauka, matarka ta dafa miyar kabeji."

"Vina, tsaya." Ya murza hular a hannu. "An ce miki Mama faɗuwa ta yi, nan take ta cika. Ni na sa aka faɗa miki haka. Kwana uku ta yi a kwance tana kiran sunanki. Celeste ta ɗauki waya, na ƙwace."

Ludovina ta juyo ta dube shi. Shekara goma sha tara tana lallashin kanta da cewa ko ta zo ba za ta same ta da rai ba.

"Me ta ce?"

"Cewa take, Vina ta iso? In ce mata kina hanya."

Ta miƙe. Har ta ɗaga hannu za ta mare shi, sai ta ga tsoho ne a gabanta, wuya duk jijiya. Ta sauke.

"Wato ka zauna nan kana jiran in ce ba komai, ka samu ka ci abinci. Ba zan ce ba, Amadeu. Kuma kada ka fake da ƙanƙara. Aikinka ne, kai za ka ɗauka."

Ta sauka ita kaɗai, ta wuce gidan ba ta shiga ba, sai maƙabarta bayan coci. Ta zauna gaban kabarin, ta ce, "Mama, na iso."

Da safe ta karɓi almakashi wurin Celeste, ta shiga layukan ƙasa inda itatuwan zaitun suka ɗan kare kurangar. Tana tsinka tana zubar da ruɓaɓɓu. Wajen ƙarfe tara Amadeu ya zo da kwando, ya kama ɗaya gefen layin. Kwana uku suna aiki ba mai ce wa wani uffan, sai "miƙo" da "ɗauke". Kwando goma sha ɗaya suka samu, a gonar da kan ba da fiye da ɗari biyu. Ya dai koma cin abinci.

Ranar Lahadi ya kai ta tasha a tsohuwar motarsa. Da jirgi ya taho, ya riƙe jakarta bai saki ba.

"Za ki zo Kirsimeti?"

"Ban sani ba."

Ta karɓi jakar ta shiga. Kirsimeti ta zo ta wuce, ba ta je ba. Amma duk Lahadi takan kira Celeste, kuma takan ji numfashinsa kusa da wayar, yana saurare.