Muryar Rabaran Martin

Elisabatu ta riƙe ƙofar motata tana cewa mijinta ba inda za shi. Shi kuwa Rabaran Martin tuni ya shige gaba ya zauna, farar kwalarsa ta limaman coci a karkace, ya ƙura wa gilashi ido kamar ba da shi ake ba. Ni, Alhaji Falalu, aka bari a tsakiya da makulli a hannu.

Katanga ɗaya ta raba gidajenmu a Nasarawa GRA, da 'yar ƙofa a jikinta. Rabaran mutumin Wusasa ne. Ya taɓa zama mai ba gwamnati shawara kan addini, ya ajiye don bakinsa ba ya iya shiru. Sai ga shi ciwo ya shanye masa ɓarin jiki, harshen ya yi nauyi. Ko matarsa sai ta yi ta "Me ka ce?" Ni da muke zama kullum da la'asar a gindin mangwaronsa muna musun siyasa, kunnena ya saba.

A ranar wani kwamitin majalisa ke jin ra'ayin jama'a kan a bar shagunan cacar ƙwallo su yaɗu a unguwannin da Kiristoci suka fi yawa. Rabaran ya daɗe yana yaƙar abin. Dalilin da ba ya faɗa wa kowa kuwa autansa ne, Fred, wanda caca ta kai shi ga sayar da kayan kiɗan coci, kunya ta kore shi daga gida, aka neme shi aka rasa. Likita ya riga ya gaya mana kwanan tsohon ya kusa ƙarewa, kuma babu abin da yake so irin ya ga yaron.

Elisabatu ta gaji. Ta sunkuya ta gyara masa kwala, ta ce in dawo mata da shi yadda na ɗauka.

Da aka miƙa masa makirfo a zauren, babu wanda ya gane ko kalma ɗaya. Shugaban kwamiti ya fara duba agogo. Raina ya ɓaci, na miƙe na karɓi makirfon, na kara kunnena a bakinsa. Ya faɗa, in maimaita.

"Mu Kiristoci," na ce, da babbar rigata da carbina a hannu. Aka kwashe da dariya, har da shi. Ya ce abin da aka hana a wata unguwa don yana kashe gida, ba zai zama alheri a tasu ba, su ma 'ya'ya suka haifa.

Sai ya faɗi abin da ya sa na tsaya. Ga 'yan rediyo sun jera na'urorinsu, ga sirrin da iyalinsa suka daɗe suna rufewa. Na dube shi. Ya matse min yatsu da hannunsa mai lafiya.

"Ɗana Fred, in kana ji," na ce, "ka dawo gida. Na yafe."

Kwamiti ya ce zai duba, irin dubawar da muka sani. Rabaran kuwa daga ranar bai ƙara tashi daga gado ba.

Ranar Juma'a na dawo daga masallaci na tarar da mutum tsugune a bakin get ɗina, ya rame har sai da na sake kallo kafin na gane Fred ne. Ya ce a wani gareji a Kawaji ya ji a rediyo, kuma muryata ya gane, shi ya sa ya fara zuwa nan. Ƙafarsa ta kasa kai shi ƙofar gidansu.

Na kama hannunsa muka bi ta 'yar ƙofar katanga. Elisabatu ta gan shi, ta dafa bango. A ɗaki Fred ya durƙusa gaban gado, uban ya ɗora masa hannu a ka ya fara magana. Na matso da kunnena kamar yadda na saba.

"Na ji shi, Baba Alhaji," in ji Fred.

Na fito na ja musu ƙofa. Na yi kuka a gindin mangwaro, ban ji kunya ba.

Da safiyar Lahadi ya cika. Bayan an kai shi Wusasa an dawo, na leƙa da la'asar. Kujerunmu biyu na nan a gindin mangwaro inda muka bar su. Fred na zaune a ƙasa kusa da ta ubansa, ya ɗora farar kwalar a gwiwa, yana shafa ta da tafin hannu.