Zare Shida a Hannun Sada

Ƙarfen gini ya yanki Sada Kabo a tafin hannu, aka kai shi wani ƙaramin asibiti a unguwar Zahir ta Makka, likita ya yi masa ɗinki shida. A teburin lissafi ya tarar da Ilham, 'yarsa. Tana da shekara bakwai ya saki uwarta ya koma Gusau. Da ya dawo Makka aiki ya same ta ta zama mace, Larabci a bakinta, ko wayarsa ba ta ɗauka. Abin da mutum ya shuka shi yake girba.

Ta karɓi iƙamarsa, katinsa na zama a ƙasar, ba ta ɗago ba.

"Ya ammi, kuɗin cire zare yana cikin lambar ɗinkin," in ji ta da Hausarta mai nauyi. "In a nan ne, cikin kwana goma sha huɗu, ba sabon fayil. Daga nan sai a rufe."

Ammi, wato kawu. Abin da take ce wa kowane tsoho a layi.

Bayan kwana goma ya dawo. Hisham nas ya cire biyu, sai Sada ya janye hannu.

"Sauran ba su nuna ba. Jibi."

"Ya hajji, dabino ne?"

"Jikina ne ko naka?"

Da haka ya sake tsayawa gaban teburin, yana kallon yadda take riƙe biro da hagu irin na mahaifiyarsa. Jibin ma biyu ya yarda a cire. Mota biyu yake hawa daga masaukinsa a Kudai, ya yi asarar rabin yini, duk don minti uku. Mai nema yana tare da samu, amma ba a gaya masa rana.

Ranar goma sha huɗu fata ta fara haɗiye zaren. Hisham ya cire ragowar yana faɗa. Sada ya kai takarda, Ilham ta daɗe tana duban kwamfuta.

"Zuwa uku, lamba ɗaya," in ji ta. "Yau na rufe."

"To. Allah ya yi miki albarka."

Ya tsaya a wurin. Ta jawo hannun ta duba.

"Ya kumbura. Taurin kai ne ya ɓata shi. Duba ciwo bayan yau sabon fayil ne, inshora sai ta ja ka. Ka zo gidana a Tandabawi ranar Juma'a bayan la'asar in wanke maka." Ta miƙa masa iƙamar. "Kada ka jiƙa shi, Baba."

Ya fito cikin rana da hannun a ƙirji. Talata ce. Bai taɓa sanin Juma'a tana da nisa haka ba.